Gaisuwa ga Sarkin Tarkacen Zazzau

Ranka ya daɗe Sarkin Tarkace, magajin juji, gwanin Samaru da kewaye. Ina gaisuwa, ina kuma yi wa uwargida jaje. Labari ya iso mana nan Kano cewa 'yan jari-bola na Samaru da Kwangila suna shirin kai ƙararka wurin mai unguwa, wai ka kashe musu kasuwa. Kafin yaro ya saɓa buhunsa ya fito da mayen ƙarfensa, kai ka riga ka zagaye layin masu gyaran rediyo, ka bi ta bayan teloli, ka leƙa garejin kanikawa, ka dawo gida aljihu cike da maɓallai da matattun makullai. Su yaran nan aƙalla sun san inda suka dosa: wurin 'yan gwangwan, a ɗora a sikeli, a ƙirga musu kuɗinsu. Kai kuwa gida kake kaiwa, ka wanke da omo, ka shanya a rana, ka ja kujera ka zauna kana kallo kana gyaɗa kai. Da digiri fa. Digirin zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka tara mu aka yi walima saboda shi, har da yanka kaji.

Ban ga laifinka ba, jini ne. Mutumin da aka yaye da fate ai ba zai ga abu guda a tukunya ya haƙura ba. Tsaki, yakuwa, rama, gauta, gyaɗa, albasa, duk a zuba a juya, in ya yi kauri a ƙara ruwa, in ya tsinke a ƙara tsaki. Haka aikinka yake, babu bambanci ko na anini. Sauran masu zane su ɗauki fenti da buroshi su yi abinsu su tashi. Kai sai ka haɗa fenti da tsumma da yashi da tsohuwar jarida da wayar jan ƙarfe da marfin kwalba a kan falanki ɗaya, ka ce wai kowanne da muryarsa. To, mun ji. Sai dai shi fate ana sha a ƙoshi.

Bari in ba masu karatu labarin ɗakin da kake kira situdiyo, kada su ɗauka ƙazafin Bakano ne. Asalinsa gareji ne, amma mota ba ta taɓa kwana a ciki ba. Tun daga bakin ƙofa warin gam da na tinna ne zai amsa maka sallama. Hannun dama kwalabe ne da gwangwanayen madara a jere kan katako har rufi, kuma nan ne lamarin ya fara ba ni tsoro. Mutumin da bai san inda ya ajiye takardar kuɗin wuta ba, shi ne ya ware maɓallai gida-gida: farare daban, na ƙarfe daban, masu huda huɗu ba sa haɗuwa da masu huda biyu. Ƙusoshi ma an raba su gwargwadon yadda tsatsa ta ci su. Akwai wani gwangwani da ka rubuta wa “ban sani ba tukuna”, shi ya fi kowanne cika. Hannun hagu buhunan ƙyalle ne, ragowar yankan teloli, shadda da atamfa da leshi, kana saye buhu-buhu kana murna wai ka yi tsintuwa. A tsakiya tebur, wato tsohuwar ƙofa da ka kwantar kan duro biyu. Wurin zaman baƙo kuwa babu shi. Kujera ɗaya ce tal, ita ma da mutum ya nufe ta sai ka daka tsawa, “Kai, kai, kai, aiki ne!” Ashe tun bara ka liƙa mata fatar ganga, tana nan tana jiran ilhama.

Da an taɓa ka kuma sai ka gyara zama ka kira Turawa shaida. Picasso ne na farko a bakinka. Gaskiya ne, a 1912 a Faris ya ɗauko guntun ledar tebur mai zanen saƙar kujera ya manna a jikin zanensa, ya zagaye shi da igiya a madadin firam, abokinsa Braque shi ma a shekarar ya fara liƙa takardar ado ta bango a nasa. Amma Sarki, guntu ɗaya Picasso ya manna. Ɗaya. Bai kwashe kasuwar Sabon Gari ba. Kakanka na ainihi a wannan sana'a Bajamushen nan ne na birnin Hanoba, Kurt Schwitters, mai bin titi yana tsintar tikitin mota da yagaggun takardu. Shi ne ya yi ta liƙe-liƙe da kafe-kafe a cikin gidansu har aikin ya cinye ɗaki ya tsallaka wani ɗakin. Ya gudu daga Jamus a 1937 bai gama ba, bam ya rushe gidan a 1943. Ka riƙe wannan kalma ta “bai gama ba”, za mu dawo kanta. Na Amurka kuwa, Robert Rauschenberg, akuya ya saya sukutum, busasshiya wadda aka cusa wa ciki, ya zura ta cikin tayar mota, ya shafa mata fenti a fuska, ya tsayar da ita kan allon zane. Daga 1955 zuwa 1959 yana juya akuyar nan kafin ya yarda ta zauna daidai. Yau tana gidan adana zane a Sitokholm, mutane da hankalinsu suna zuwa kallo. Tun ranar da ka ba ni labarin, da wannan ƙyallin da na gani a idonka, na ce wa yara in ka zo kada a bar ka kusa da turken Hajiyarmu.

Wanda ka fi so ka yi mini gori da shi El Anatsui ne, kuma a nan zan ɗan rusuna, don dattijon ya isa a rusuna masa. Mutumin Gana ne, an haife shi a 1944, ya zo koyarwa Jami'ar Nsukka a 1975 ya zauna shekara da shekaru. Ya yi aiki da yumɓu, ya yi da katako, ya yi da marafan gwangwanin madarar Peak da tsofaffin abin gogar rogo, kafin wajen ƙarshen shekarun 1990 ya faɗa kan marafan kwalaben barasa. A 2015 aka ba shi lambar Zakin Zinare a babban baje kolin Benis na Italiya, a 2023 kuma ya rataye aikinsa a ƙaton zauren Tate Modern na Landan. An sayar da aikinsa fiye da dala miliyan ɗaya a gwanjo. Duk ka haddace wannan, kana karantowa har da lumshe ido.

Abin da ba ka son a faɗa shi ne yadda yake aikin. Abu ɗaya ya kama ya riƙe. Matasa ne cike da ɗaki, wannan na buɗe marfi yana daddaɓe shi, wancan na yankawa, wani na hudawa, wani na ɗinkewa da siririyar wayar jan ƙarfe, har a sami faifai-faifai. Shi kuma a shimfiɗa masa su a ƙasa, ya tsaya a kai, a matsar da wannan, a ɗauke wancan, sai ya gamsu a haɗe. Daga nan a naɗe a sa a akwati a tura, kuma ya ba masu ratayewa izini su lanƙwasa shi yadda ya yi musu, ba ya bin su da sanda. Ka ji mutumin da ya iya sakin abu. Kai fa? Bawan Allah nan da ya taimake ka ya sayi aikinka ya rataye a falonsa, ba kai ne ka je masa gaisuwar Sallah da gam a aljihu ba? Mutum ya shiga ciki kawo maka lemo, ya fito ya tarar da kai a kan kujerarsa kana ƙara maɓalli. Ya biya kuɗinsa fa. Da a Kantin Kwari ka yi wannan, da sai an tara maka jama'a.

Kada ka ce ban san wahalar abin ba. Na sani, don na zauna a kan bokitin fenti na kalle ka. Na ga yadda kake goge filawud da sanfefa, ka shafe shi da farin fenti ka bari ya sha iska, ka sake shafawa, tun ba a fara komai ba. Na ji karatun da kake yi wa yaron da ke taya ka: fentin akirilik a ƙasa, na mai a sama, in aka juya sai ya ɓare, don na ruwa ba ya kama jikin mai. Takarda da ƙyalle Top Bond ya ishe su, ƙarfe sai Araldite, abu mai nauyi kuwa kada a yarda da gam ko wane iri ne, a huda katakon a ɗaure da waya ta baya, domin zafin bazara in ya zo ba ya jin roƙo. Na ga dabarar tsatsar nan taka ma, kuma ta burge ni, ko da yake ban nuna ba. Ka jiƙa farin ƙyalle da ruwan gishiri da lemon tsami, ka jera tsofaffin ƙusoshi da zoben ƙarfe a kai, ka naɗe ka ɗaure ka tura ƙarƙashin tebur. Bayan 'yan kwanaki ka kwance, sai ga sawun kowace ƙusa ya fito ja-ja, wani wuri ruwan goro, wani wuri har ya yi baƙi. Sai ka wanke gishirin ka shafe shi da abin da zai tare iska, in ba haka ba tsatsar ba ta daina ci, sai ta huda ƙyallen. Wannan ilimi ne, ban musa ba. Matan gidanmu dai da hannun ƙarfen bokiti suke samun irinsa a jikin farar riga, kyauta, kuma faɗa ake yi musu.

Ga yanayi shi ma bai bar ka ba. Da hunturu fenti na bushewa a bakin buroshi kafin ka kai shi jikin allo, ƙura kuma ta bi ɗanyen gam ta zauna daram, ka ce ai ita ma cikin aikin take. Da damina katako ya kumbura ya karkace, ƙyalle ya yi fumfuna. Jarida kuwa, wadda kake ji da ita, wata nawa take yi kafin ta koma ruwan ɗorawa ta fara karyewa? Takardar jarida ba a yi ta don ta daɗe ba, gobe ake sa ran a ƙunsa ƙosai da ita. Sai gara, wadda ba ta karanta takardar bayani kafin ta fara. Shekarar da ka ce za ka koma gargajiya ka dama gam da fulawa, ɓerayen Samaru da kyankyasai sun yi maka addu'a. Su ne kaɗai masu sharhin aikinka da ba sa munafunci: wanda ya yi musu sun cinye, wanda bai yi ba sun bar maka.

Rabin aikin kuma jira ne, shi ne ɓangaren da uwargida ke kira zaman banza. A jira gam ya kama, a jira fenti ya bushe, a jira idon mai aikin ya huce. Na ga kana juya allo ya kalli bango ya yi makonni, wai don ka manta da shi ka sake ganinsa sabo. Na ga kana kifa shi kai a ƙasa. Na ga kana ba shi baya kana leƙensa ta madubi. Na ga kana ɗaukar hotonsa a waya ka cire launin, don ka ga inda ya yi nauyi da inda ya yi fayau. Duk dabaru ne na gaske, masu sana'ar suna yi. Amma su suna yi ne don su gane lokacin da za su ɗauke hannu. Kai kana yi ne don ka gano inda ya rage fili.

To ga mu a kan “bai gama ba”. Sarki, ciwonka ke nan, kuma ni ne likitanka tunda babu mai gaya maka. Wajen tsinta babu kamarka. Idonka na ganin abin da dubu suka taka suka wuce, wannan baiwa ce, Allah ya ba ka. Amma tsinta ko yaro ya iya. Gwanintar tana wurin cewa wannan ya shiga, waɗannan tamanin su koma gwangwani, sannan a ce ya isa, a wanke hannu. Kai kuwa kowane tarkace ɗanka ne, ba ka iya hana shi wuri. Babban allon nan da ka sa wa suna “Kasuwa”, ka fara shi uwargida na goyon Ummi, yau Ummi ita ke kai ƙannenta makaranta. Na san shi yana da faɗin sarari mai launin baba a sama, ana iya numfashi a ciki. Ka ƙara masa makullai. Ka ƙara silifa. Ka ƙara sarƙar keke. Yanzu sai ƙarti sun taru kafin a ɗaga shi, bangon da zai riƙe shi kuwa sai an kira injiniya. Ranar da na ce maka ya fi kyau shekara uku da suka wuce, ka yi fushi ka ce Bakano bai san komai ba sai riba. Da dare kuma yaronka ya ce ya gan ka da filaya kana cire sarƙar. Ba sai ka gode ba.

Ita kuwa uwargida, Allah ya saka mata. Ranar da ta gaji ta shiga da tsintsiya ta kwashe wani tsibi a lungu ta kai juji, ka yi kwana biyu ba ka ci tuwonta ba, wai ta zubar da aikin wata shida. Ta tambaye ka tambaya ɗaya, “To yaya za a yi mutum ya gane?” Har yau ba ka amsa ba. Ka kwantar da hankalinka, ba a kanka aka fara ba. A 2004, a gidan zane na Tate Britain da ke Landan, mai shara ta ga leda cike da takardu da kwalaye a gefen wani aiki na Gustav Metzger ta ɗauke ta zubar, ashe ledar cikin aikin take. An tono ta, ya ce ta lalace, ya cika wata ledar ya ajiye. Ka ji dattako: bai ƙi cin tuwon kowa ba. Abin dariyar ma, aikin nasa a kan fasahar da ke lalata kanta ne. Saboda haka uwargida ba ɓarna ta yi ba, matsayin Landan ta kai ka.

Sai gorin Zariya, wanda ba ya ƙarewa. Wai a garinku aka haifi zanen zamani na Nijeriya. Na yarda a 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama jami'arku a 1962 sun kafa ƙungiya, suka ce ba za su yi ta kwaikwayon malamansu Turawa ido rufe ba, za su haɗa abin da aka koya musu da abin da suka gada a gida. Su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo, Bruce Onobrakpeya. Karanta sunayen a hankali, Sarki, ka nuna mini Bazazzage. Ku dai masauki kuka bayar, Allah ya ba da lada. Labarin Onobrakpeya kuma ka mayar da shi lasisin ɓarna. A 1967 ruwan asid ya cinye masa farantin ƙarfen da yake shirin buga zane da shi, ya cike ramukan da Araldite don kada ya yi asara, sai ya ga abin ya ba da wani tudu da kwari da bai taɓa gani ba, daga nan ya fitar da sabuwar hanyar aiki. Tun da ka ji haka, ko shayi ne ya zube a kan takarda sai ka ce kada a goge. Shi hatsari ɗaya ya yi, ya zauna a kansa shekaru yana gyarawa, har ya kafa taron horar da masu zane a Agbarha-Otor ta Jihar Delta a 1998. Kai kullum sai ka yi hatsari uku kafin azahar.

In gorin kake so na gaske, ga shi zan ba ka kyauta, tunda Bazazzage sai Bakano ya nuna masa dukiyar gidansu. Shiga cikin birni ka tsaya a tsohon Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, ka ɗaga kai ka ga bakan gizo. Sannan ka tambayi tsofaffin magina abin da ke cikin bangon gidajen da. Jar ƙasa da ciyawa. Azara daga giginya. Makuba daga ɓawon ɗorawa. Laso kuwa, wanda ke hana ruwa shiga soro, katsi ne daga gindin marina, da gashin da majema suka kankare daga fata, da dafara. Wato sharar marina da sharar majema aka haɗa aka yi abin da ya tsare gida shekaru, a kansa kuma aka fitar da zanen dagi da sauran ado a fuskar zaure. Waɗannan su ne masu haɗa kaya iri-iri na asali, kuma ba su taɓa jin sunan Picasso ba. Bambancinsu da kai ɗaya ne: damina na tafe, mai gida na tsaye, dole a gama. Ban ce daga Ƙofar Mata aka kai muku katsin ba, amma ka san inda baba ya fi kamawa.

Ko ɗan'uwanmu na Tamale, Ibrahim Mahama, wanda aka haifa a 1987, ai ya ishe ka aya. Buhunan algarara ya kama, waɗanda suka ɗauki koko suka koma ɗaukar gawayi har suka yi baƙi suka sha faci. Ya karɓi tsofaffi ya ba 'yan kasuwa sababbi, ya tara mutane suka ɗinke, ya lulluɓe gine-gine da su, har Benis a 2015. Da kuɗi suka zo ya koma gida ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale a 2019, ya sayo tsofaffin jiragen sama ya ajiye yara na shiga suna karatu a ciki. Ka ga mai tarkacen da ya san ciniki. Na tabbata a zango ya koya.

Kai kuwa baje kolinka na Abuja, wanda muka yi ɗinki saboda shi, me aka yi? Tun a hanya rabin marafan suka zube a bayan mota, ka kwana kana liƙi. Ka manna takardar bayani a gefen kowane aiki da Turanci mai ƙashi, da na matsa maka ka fassara sai ka ce wai aikin yana tuhumar ƙwaƙwalwar abin da aka yasar a tsakanin zamani da rashinsa. Wani Alhaji ya tsaya ya daɗe, ranka ya yi fari, sai ya juyo ya ce, “Malam, ina ne saman?” Wani ya taya firam ɗin ban da abin da ke ciki. Wata baiwar Allah ta tambaya cikin ladabi ko za a dawo a ƙarasa. Abu guda dai ka huta da shi: babu mai tsare ka da tambayar hukuncin zana mai rai, tunda kai kanka ba za ka rantse a kan abin da ka zana ba. Da aka zo maganar kuɗi kuma, wanda ya nuna yana so da gaske sai ka hau ba shi labarin inda ka tsinci kowace ƙusa, har ya duba agogo. Ana sayar da kaya kana ba da tarihin juji. Yanzu kuma wai Art X na Legas kake hari, wanda ake yi tun 2016. Allah ya kai mu. Ka dai nemi mota mai kyawun taya.

Amma akwai ɗaya, kuma ka san wanda nake nufi. Ƙaramin nan da ka rataye can ƙarshen zaure, bayan ƙofa, don ba ka ɗauke shi komai ba. Tsohon zanen saƙi ne rinin baba, ya koɗe har zaren ya fito, ka shimfiɗa shi a kan allo ba ka shafa masa fenti ko ɗigo ba. A kai marafan kwanon jere guda biyar, irin na ɗakin iyayenmu, masu fure ja da kore, duk sun ɓantare a baki, baƙin ƙarfen ya leƙo. Ka ɗinke su da jar waya a layi, ka bar gurbin na shida babu komai sai zagayen tsatsa inda ya taɓa zama. Shi ke nan. Hajiya, wadda ta zagaye zauren tana toshe baki da mayafi don kada ta yi dariya a gaban baƙinka, a nan ta tsaya. Ta nuna na biyu ta ce irinsa aka jera mata, ta faɗi sunan da ake kiran furen a zamaninsu, ta faɗi wadda ta ara ba ta dawo da shi ba, Allah ya jiƙanta. Muka yi ta jiran ta a mota. Da na tambaye ka yadda aka yi wannan ya tsira daga sarƙar keke, sai ka ce ai ba ka gama shi ba, lokaci ne ya ƙure, kana da niyyar cike gurbin da agogo. Agogo! Wallahi Sarki, in ka kusance shi da gam sai na kai ƙararka fadar Zazzau, in kuma ba a yi mini adalci ba in ɗaukaka ƙara zuwa Kano, inda ake shari'a.

Saboda haka ga hukunci. Duk aikin da ka fara, uwargida ce za ta riƙa cewa ya isa, kuma maganarta yankan wuƙa ce. Gwangwanin “ban sani ba tukuna” a ba yaran unguwa su kai sikeli su sayi alewa. Kujerar nan a cire mata fatar ganga baƙo ya samu wurin zama. Watan cika-ciki kuma na tafe, ka tanadi kuɗin sharata, kuɗi nake nufi, na takarda, masu hoton mutane, kada ka aiko mini da buhu.

Saura magana ɗaya. Babbar rigata ruwan toka, mai aska takwas, wadda na bari a gidanka don a kai wa mai wanki. An ce an ga wani abu mai kama da aljihunta a jikin sabon allonka, tsakanin murfin tukunya da lambar babur. Ban yarda ba tukuna, don na san ko kai kana da sauran kunya. In tana nan da ranta, ka ba direban Kano ya sauke mini ita a Unguwa Uku. In kuwa ka riga ka sa mata almakashi, to rabin kuɗin aikin nawa ne, kuma ni zan yi cinikin, don in aka bar ka da mai saye kyauta za ka ba shi, har ka cika masa da kuɗin mota.